Tauren Maman Nina

Shekara uku Dalva ta yi a wani ƙauye da ke gefen Tiga, amma ba wata mace a unguwar da ta taɓa cin abincin hannunta. Gaisuwa kam ana gaishe ta, har da russunawa. "Maman Nina, ina kwana? Ya baƙunta?" Baƙuntar nan kuwa ta ƙi ƙarewa.

Daga Brazil suka zo, ita da mijinta Osvaldo, cocinsu ce ta turo su. Shi likitan dabbobi ne. Da sassafe yake hawa babur ya nufi rugage, wani lokaci har Doguwa, ba a ganinsa sai yamma lis, yana warin maganin shanu. Manyan yaransu biyu, Ruti da Tiyago, suna makarantar kwana a Jos. Auta Nina, 'yar shekara biyar, gari na wayewa take sulalewa ta ɓular zana zuwa gidan maƙwabta wurin ƙawarta Sumayya. Sai gida ya rage daga Dalva sai keken ɗinki. Tana jin daka ta bayan danga, tana jin shewar mata, ba ta san abin da ya ba su dariya ba. Kaɗaici ya ci ta har ta fara yi wa kaji hira da yarensu.

Mutum ɗaya take da shi, Raihana, uwar Sumayya. Ita ta koya mata ɗaurin zane, ta nuna mata bambancin rama da yakuwa. Takan leƙo ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta, ta yi haƙuri da Hausar Dalva mai ɗingishi, ta tafi. Duk babbar Sallah kwanonta ke fara shigowa da soyayyen nama, sauran gidaje su biyo baya. Dalva takan ci, ta mayar da kwanukan da sabulu ko biskit, tana jin kunya kamar ta nutse.

Kirsimeti biyun farko a Jos suka yi. Bana kuma takarda ta zo cewa ƙarshen Janairu za su koma gida, ba dawowa. Dalva ta roƙi mijinta kada ya faɗa wa kowa tukuna. Ta ƙudura a ranta sai unguwar nan ta ci girkinta kafin ta tafi, Raihana a kan gaba.

Ta sayo taure a kasuwar Kiru. Wata huɗu tana tura masa dusa da harawa, har ya koma kamar randa.

Ranar jajiberen Kirsimeti Osvaldo ya ja shi bayan gida. Mutumin da ya tashi a gonar ubansa yana fiɗa tun yana yaro, wa zai kira ya yanka masa akuya? Ya wasa wuƙa, ya yi addu'arsa, ya yanka, ya feɗe tsaf kafin Nina ta tashi ta yi kuka. To amma a ƙauye ba a yin yanka a ɓoye. Kafin hantsi kowa ya san an zubar da jini a gidan Turawa, kuma ba a ga Malam Ladan ya shiga ba, shi da ke yi wa unguwa yanka. Kowa ya sani, ba wanda ya ce uffan. Halinmu ke nan mai ban haushi: mu bar baƙo ya afka rami don kunyar ce masa ga rami.

Dalva ta dafa shinkafa da wake irin na garinsu, ta soya naman da tafarnuwa har ƙamshi ya cika layin. Ruti da Tiyago, da suka zo hutu, suka rarraba kwano goma sha ɗaya gida-gida. Ko'ina aka karɓa hannu biyu. "An gode, Allah ya maimaita."

Washegari kwanuka suka dawo a wanke fes, wani da gyaɗa, wani da ƙwan zabi, wani da busasshen kifi. Na Raihana ne ya makara, sai rana ta uku Sumayya ta kawo shi cike da alkaki. Dalva ta yini tana waƙa. Har waya ta buga wa uwarta a Brazil, ta ce, "Mama, sun ci. Sun cinye tas."

Ranar Lahadi aka tashi daga coci, sai ga Asibi, wata bazawara mai shara a ma'aikatar ruwa, ta riƙo hannunta tana dariya.

"Maman Nina, kin kusa kashe mu da nama! Har maƙwabtana sai da suka ce sun gaji."

"Ai kwano ɗaya na aiko miki," in ji Dalva.

"Naki ɗaya, na unguwarku goma."

Tana faɗa ta toshe bakinta, amma magana zarar bunu ce. Ta sassauta murya. "Wa ya yanka tauren?"

"Baban Nina."

"Ash! Ai mu nan ko kaza ce, in muna so maƙwabta su ci, Musulmi muke kira ya yanka. Wasu malamansu sun ce yankan Kirista ya halatta, amma zuciya ba ta jin karatu. Na ɗauka kin sani."

Dalva ta yi mata sallama ta wuce. Gyaɗar nan da ƙwan nan, ashe duk ban haƙuri ne. Tana hanyar gida abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Ban da kwanon Asibi, gida goma sha ɗaya ta aika wa a unguwar, goma ne suka juye wa Asibi. Akwai gida guda da bai kai ba. Ta kama wannan ɗayan ta riƙe gam.

Ko kayan coci ba ta cire ba ta yi sallama a gidan Raihana. Ta same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa. Sannan ta yi tambayar da Bahaushiya ba za ta taɓa yi ba.

"Maman Sumayya, kin ci abincina?"

Hannun Raihana ya tsaya a cikin shinkafar.

"Wallahi ban ci ba," ta ce. "Baban Sumayya ya ce a kai wa Asibi kamar yadda kowa ya yi, na ƙi. Wata huɗu ina jin ki ta danga kina lallashin tauren nan. Na san don mu ne. Na kasa ci, na kasa ba wani. Ƙarƙashin gado na tura kwanon, in buɗe in rufe, har ya yi tsami. Na haƙa rami a gindin zogale na binne. Allah ya yafe mini ɓarnar abinci."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Da wane baki?" Raihana ta share ido da gefen zane. "Ki yi haƙuri. Baɗi in Allah ya kai mu, ni da kaina zan kira miki Malam Ladan."

"Babu baɗi," in ji Dalva. "Wata mai zuwa za mu koma ƙasarmu. Ba za mu dawo ba."

Raihana ta zuba mata ido. Can bayan ɗaki Nina da Sumayya suna wasan dafe-dafe da gwangwani, ba su san me ake ciki ba.

Sai Raihana ta ajiye faifan ta miƙe. Kaza ɗaya take da ita mai ƙwai, ja, tana tono a gindin turmi. Ta bi ta, kazar ta zille, ta sake bi har ɗankwalinta ya faɗi, ta cafke ta a lungun rumbu. Ta ɗaure ƙafafun da tsumma, ta danƙa wa Dalva.

"Ki kai wa Malam Ladan da kanki, yana zaurensa. Ki dafa irin wancan, da tafarnuwar duka. Bayan la'asar ina nan tafe." Ta juya baya don kada a ga fuskarta. "Kuma kada ki ba ni cokali."

Dalva ta fito rungume da kazar, hawaye na zuba, ta nufi zauren Malam.