Hanyar da Ghazali Ya Zaɓa

Abu Nayif, mai kamfanin kai baƙi yawon buɗe ido, ya sa aka tsayar da mota a gindin dutsen Tuwaik da ke wajen Riyad, ya juyo ya dubi direbobinsa biyu, Idrisu da Ghazali.

"Hanya biyu ce zuwa ƙololuwa," in ji shi da Larabci. "Ta cikin kwazazzabo, ko ta doron dutse. Ku zaɓa. Mutum ɗaya nake buƙata. Wanda ya burge ni shi zai riƙa hawa da baƙi, shi zan sabunta wa iƙama, ya ci gaba da zama a ƙasar nan."

Idrisu bai damu ba, don shi da Ghazali sun gama magana tun a ɗakinsu na unguwar Manfuha. Duk hanyoyin biyu wahala ce. Ta kwazazzabo doguwa ce, tana cin gwiwa, amma bango ne dama da hagu. Ta doro kuwa faɗinta bai wuce dardumar salla ba, duk inda ka leƙa rami ne. Tun da Idrisu ya faɗo daga bene a wurin aikin gini, ko tsani ba ya iya hawa. Duk faɗin Riyad ba wanda ya san wannan sai Ghazali. Shi ya yi jinyarsa, kuma da yake gadonsu mai hawa biyu ne, shi ya bar masa gadon ƙasa ya koma na sama. Jiya ma da bakinsa ya ce, "Kwazazzabo za mu ce. Allah Ya ba mai rabo sa'a."

"Doro, ya mudir," in ji Ghazali ga maigidan nasu. "Ita baƙi suke so, saboda hoto."

Idrisu ya juya ya kalle shi. Gogan naka sai ya sunkuya, wai yana gyara igiyar takalmi. Takalmin da ke ɗaure tamau!

Suka kama hawa. Idrisu ne a gaba, ga jarkar ruwa a kafaɗa, ko haki ba ya yi. Har Abu Nayif ya ce masha Allah. Amma da suka iso bakin doron, iska ta bugi rigarsa, ya hango bishiyoyi can ƙasa kamar ganyen kuka a faranti, sai ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Ya durƙusa ya rungumi dutse, gumi na zuba.

Ghazali ya raɓa shi ya wuce, ya taka har tsakiya, sannan ya dawo ya miƙo hannu.

"Miskin," ya ce da ƙarfi. "Tsoron bisa yake yi, tun da ya faɗo daga bene. Kamo hannuna, ɗan'uwa."

Da Larabci ya faɗa. Abin da ya fi ƙona ran Idrisu ke nan. Da Hausa ce, da maganar ta tsaya tsakaninsu.

Bai kama hannun ba. Da gindi ya ja baya, ya sauka ya jira su a mota, kuma shi ya tuƙo su zuwa gari. A hanya Abu Nayif ya dafa kafaɗarsa ya ce ya shigo ofis ranar Lahadi, su yi maganar komawarsa gida.

Bayan la'asar suka shiga ɗaki. Ghazali ya ɗora shayi, ya zuba kofi biyu kamar kullum.

"Idi, kai ma ka san ina da iyali a Gusau."

"Ni nawa duwatsu ne?"

"Wallahi ban yi niyya ba. Bakina ne kawai ya..."

"Ka ci amanata, Ghazali. Da ka kayar da ni a kwazazzabo, da ni zan fara yi maka murna."

Ya miƙe ya yaye zanin gadonsa, ya sauko da filon Ghazali ya ajiye a gadon ƙasa. Sannan ya kama ƙarfen gadon sama. Ƙarfen ya yi ƙara.

"Haba Idi, za ka faɗo!"

"Karɓi gadonka," in ji Idrisu. Ya ɗora ƙafa a matakalar farko.