Kwandon Banda Daga Gashuwa

A shekarar 1952, Babayo, akawun wani kamfanin gyaɗa a Nguru, ya samu littafi kan aƙidar gurguzu, wadda Turawa suka yi ta gardama a kanta tun ƙarni na sha tara. Kullum bayan la'asar yakan tara abokansa a zaure yana karanta musu.

Ran nan yana cewa, "Mai gumi shi ne mai daraja, lebura da mai kamfani duk ɗaya ne," sai wani tsoho ya yi sallama, ɗauke da kwandon banda. Mahaifinsa ne, masunci, ya taso tun daga Gashuwa.

Ƙaurin kifi ya cika zauren. Wani ya toshe hanci ya ce, "Wane ne wannan?"

"Wani mutumin garinmu ne," in ji Babayo.

Tsohon ya ajiye kwandon a hankali, ya ce, "Malam akawu, mahaifiyarka ce ta ce a kawo maka." Ya juya ya fita.

Babayo ya kasa ɗaga kai. Kafin ya bi shi tasha, motar Gashuwa ta tashi. Sai da ya yi wata biyu kafin ya iya zuwa gida ya durƙusa a gaban mahaifinsa.