Wa Zai Fara Zuba Ƙasa Ran Asabar

"Mayar da mijina inda ka ɗauke shi!" in ji Nkhono Mapulane, wato Kaka Mapulane, tana buga sandarta a ƙasa.

"Nkhono, ba ni na ɗauke shi ba," Khotso ya ce. "Kwamfuta ce ta ƙi."

"Kwamfutar 'yar gidan wa ce a garin Mafeteng? Shanu nawa aka ba da a kanta?"

Khotso jikan dangin mijinta ne, akawu a Maseru, babban birnin ƙasar, kuma shi ke riƙe da zauren zuriyar Mokhethi a intanet, inda 'yan uwa na nan gida da na Joni, birnin haƙar zinariya na ƙetaren iyaka, ke zuba tsofaffin hotuna suna haɗa bishiyar asali. A can wani mai shisshigi ya tono cewa Sello, babban ɗan gidan, ya mutu a ramin zinariya shekara huɗu kafin a haifi ɗansa Tsietsi, wato mijin Nkhono, Allah ya jiƙansa. Da aka shigar da shekarun, kwamfuta ta yi jan rubutu: matacce ba ya haihuwa.

Abin da kowace tsohuwa ta sani! Sello ya rasu bai bar ɗa ba, sai dangi suka sa autansu Pule ya shiga ɗakin matar marigayin. Da shanun Sello aka biya sadakinta, saboda haka ɗan na Sello ne. Amma Khotso ya ja sunan Tsietsi ya liƙa ƙarƙashin auta. Ga shi ran Asabar za a binne wani baffansu, kuma a bakin kabari babban gida ke fara zuba ƙasa. Shebur ɗin da ya kamata ya fara shiga hannun Teboho, ɗan Nkhono, yanzu sai ya bi bayan kowa. Wa ya koma gaba? Gidan su Khotso mana.

"Jini muke bi, Nkhono. 'Yan zaure sun amince."

"Au, jini?" Ta gyara bargonta, ta zauna daram a kujerarsa, ta janyo kwanon kunun da matarsa ta kawo. "Madalla, ɗan nan. Ni ma na daɗe ina son a bi jini."

Ta zaro waya daga ƙirji. Karatunta bai wuce aji uku ba, amma saƙon murya kam, ko liman bai kai ta tsawaitawa ba. Ta danne maɓallin ɗaukar murya da babban yatsa.

"Jama'ar Mokhethi, ni ce Mapulane. Tunda jini aka dawo bi, bari in taimaka. Mu fara da gidan shugabanmu Khotso. Kun taɓa duba kunnuwan mahaifinsa? Kun tuna mai ɗinkin sirdin nan da ya sauka a ƙauye shekarar da kakan Khotso ya yi wata goma sha takwas a Joni bai leƙo gida ba?"

"Nkhono!"

"Kar ka matso. Ina ɗaga yatsan nan, saƙon ya tafi wa mutum ɗari uku. Daga ku sai gidan Lerato, sai na Motlatsi. Babu reshen da zan bari da ganye."

Fuskarsa ta yi kamar ta wanda ya sha tsami. "Sharri ne wannan."

"Kakanka ya sani, ya ce ɗan shanunsa ne, ya ba shi suna, kowa ya kama bakinsa. Mu ma haka muka yi. Kai ne ka zo da jan rubutu."

Ya buɗe kwamfutar. Ya ja Tsietsi zuwa ƙarƙashin Sello, jan rubutun ya sake fitowa.

"Kin gani? Ba ta karɓa."

"To cire shekarar mutuwar. Sello bai ce yana gaggawa ba."

Ya goge. Sunan ya zauna lafiya lau. Ta sa shi ya rubuta wa zaure cewa Teboho ne zai fara zuba ƙasa, ta kuma sa ya karanta mata da ƙarfi, sau biyu, don ta ce kunnenta ɗaya ya tsufa.

"Yanzu goge saƙon naki," in ji Khotso.

"Bari in sha kununa tukuna, yatsan ya ƙage."

Khotso ya tsaya yana huci. Cikin gidansa ne fa, amma shi ya suri hularsa ya fice, ya bugo ƙofar da ƙarfin da ya sa Nkhono ta zabura, yatsan ya ɗaga daga kan wayar.