Ƙafar Hagu ta Baba Harisu

Sau uku ke nan cikin wata huɗu jif ɗin Baba Harisu tana dawowa garejin Nata'ala a Agege, birkinta ya cinye ƙarƙaf. Kai, ko danfo, bas ɗin haya ta Legas, ba ta cin birki haka!

"Jabun kaya kake sa mini," in ji tsohon, a gaban sauran makanikai. "Shekara talatin ina jan tanka a Apapa, ni za ka raina wa hankali?"

Magana ta riga ta zaga unguwa, har mahauta biyu sun ɗauke motocinsu daga garejin. Nata'ala ya san kayansa masu kyau ne. Ya kwance tayoyin nan huɗu, ya duba man birki, bai ga komai ba. Abin ya hana shi sakat, domin in sunansa ya ɓaci a cikin Hausawan Agege, sai dai ya tattara ya koma gida.

"Baba, ja mu mu ɗan zaga, in saurare ta da kunnena."

"Shigo. Dama lokacin ɗauko jikata Kalsum daga makaranta ya yi."

Ba su yi nisa ba Nata'ala ya ji ƙauri. Ya kai idonsa ƙasa. Ashe ƙafar dama tana kan totur, ta hagu kuma tana danne da birki, ba ta ɗagawa ko kaɗan! Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya lura da yadda tsohon ya kusa ɗora haɓarsa a kan sitiyari, yana ta ƙifta ido.

A mashigar layin dogo an riga an sauke ƙarfen tare hanya. Baba Harisu bai rage gudu ba.

"Baba, jirgi! Jirgi!"

Motar ta yi ƙara ta tsaya, hancinta na gogar ƙarfen. Jirgin ya wuce yana girgiza ƙasa. Nata'ala ya dubi idanun tsohon sosai. Yanar ido ta rufe su fari fat, kamar an ɗiga nono.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun bara." Muryar ta yi ƙasa. "Shi ya sa ba na ɗaga ƙafa daga birki. Don Allah kada 'ya'yana su ji. Za su raba ni da mota."

Kalma ɗaya a gareji ta isa ta wanke sunan Nata'ala. Wallahi ya so ya faɗe ta. Amma tausayi ya kama shi, ga kuma tsoro in ya tuna Kalsum a kujerar baya kullum.

"Zan ce gyara ne bai ƙare ba, su faɗi abin da za su faɗa. Ni zan ɗauko Kalsum, gobe kuma mu je asibiti a Idi-Araba. Kawo makullin, Baba."

Tsohon ya kashe motar. Sannan ya zare makullin ya miƙo, can gefe da inda hannun Nata'ala yake.