Ganyen Jego a Cikin Bututu

Ɗakin da nake magana a kai na ƙasa ne, soro mai azara. Mahaifina ya gina shi da hannunsa tun unguwarmu ta Birnin Kudu tana rabin gona. A cikinsa aka yanke mini cibiya, a cikinsa matata Fatsuma ta yi jegon 'ya'yanmu bakwai. Sauran ɗakunan gidan duk sun koma bulo da kwano, aikin ɗana Musaddiq ne da yake aikin gwamnati a Dutse. Wannan ɗaya na ce a bar mini shi. Duk shekara ina yaɓe shi, duk shekara Musaddiq yana ce mini, "Baba, asarar ƙasa kawai kake yi."

Bara ya zo da magina suka malale tsakar gida da siminti. Tsohuwar rariyar da ruwa yake bi ya fita ta gindin katanga suka toshe ta, suka binne bututun roba tun daga bakin makewayi har lambatun titi, suka ɗora wa bakinsa na cikin gida ragar ƙarfe. Gida ya yi kyau, ban musa ba. Amma na yi shekara ashirin ina haƙar rijiya daga Sundimina har Dingaya, na ƙara wasu goma ina noman rani a fadama, kuma abin da na koya shi ne ruwa ba ya son a bar masa ƙofa ɗaya. Na faɗa, aka ce zamani ne.

Da damina ta yi tsakiya, autarmu Munawwara ta zo daga Gwaram haihuwar fari. Allah ya sauke ta lafiya, namiji. Uwarta ta sa ta a soron, ta ce ɗakin ƙasa ya fi riƙe ɗumi. Safe da yamma ana dafa ruwa a rabin duro, a zuba ganyen darbejiya da na tsamiya, a yi wankan jego a bakin makewayi. Wannan sha'anin mata ne. Da na ga an hura wuta nakan ɗauki buzuna in koma zaure, don haka ban san yadda ake ƙarewa da ganyen ba.

Ran kwana shida, gobe suna, na shigo da hantsi na tarar ruwan wanka kwance a tsakar gida, kore shar, bai tafi ko'ina ba. Fatsuma tana tsaye a gefe da tsintsiya tana kora shi, yana dawo mata.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun shekaranjiya yake nawa, Malam. Yau ne ya ƙi gaba ɗaya."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Ina ce gajiya ya yi."

Na ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi ƙirin, irin hadarin da ba ya ɗaukar alhakin kowa, zuwa yake yi. Rufin kwano uku ne suke zubo ruwansu tsakar gidan nan. In bututu ya ƙi karɓa, wurin da ya fi kwari shi ne gindin sorona, domin simintin ya ɗaga ko'ina ya bar shi a ƙasa. Ginin ƙasa kuwa yana jure ruwan sama a ka, amma ba ya jure shi a ƙafa. In ya jiƙa kamu ɗaya daga tushe, ba ranar zai faɗi ba, sai ka saki jiki.

Na kira Hadi mai gyaran famfo, wanda ya shimfiɗa bututun.

"Baba Ɗanbala, ina Basirka a kan tankin wani alhaji," in ji shi. "Ko yanzu na sauko, sai la'asar, in na dace da mota. Abu biyu zan roƙe ka. Kada a ƙara zuba ko kofi ɗaya na ruwa. Kuma kada a zura sanda ta cikin gida. Bututun yana da gwiwa a gindin katanga, inda ya karya kwana, duk abin da ya tsaya a nan, daɗa cusa shi za ku yi."

"Na sama fa, shi ma in hana shi zuba?"

Ya yi dariya. "Wannan sai addu'a, Baba."

Na kira Musaddiq don kada ya ce an ɓoye masa. Ya saurara har na gama.

"Baba, ka fitar da Munawwara da jariri daga ɗakin nan yanzu. Soron kuwa, in ya faɗi ya faɗi. Dama bulo ɗari huɗu ya ishe shi. Kada ka je ka wahalar da kanka, ga ciwon gwiwa."

"Rabin maganarka na ɗauka," na ce masa, na kashe waya.

Rabin da na ɗauka na yi shi nan take. Ina son soro, amma ba na caca da jika. Na sa Munawwara ta koma ɗakin uwarta na bulo da yaronta. Ta fito tana ɗingishi, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, gobe a nan nake so a yi masa aski. A nan aka yi mana."

"A nan za a yi. Wuce ciki kada iska ta buge ki."

Akwai ragowar yashin magina a bayan zaure, akwai buhunan taki da na zazzage a gona. Fatsuma tana riƙe bakin buhu ina zubawa da shebur, rabi-rabi, don buhun da ya cika tim ba ya kwanciya, ruwa yana bi ta ƙarƙashinsa. Muka jera takwas a gaban soro, kan wannan a bisa wutsiyar wancan, na bi su da ƙafa na tattake. Ina ɗora na ƙarshe ɗigon farko ya sauka a wuyana.

Ruwa ya zo da ƙarfinsa. Kafin a yi kiran azahar tsakar gida ta zama tafki, takalman yara da murfin tukunya suna yawo a kai. Na tsoma kara a gindin buhu na auna. Saura yatsa huɗu ya haye.

A zaure akwai tiyon injin ban ruwana, a naɗe tun ƙarewar rani. Injin kansa yana gona, amma wanda ya taɓa zuƙo fetur daga tankin mota, ko ya ɗauke ruwa daga wannan fangali zuwa wancan a gonar rani, ya san ba kullum ake bukatar inji ba. Gidanmu ya fi titi tudu da kamu biyu. Dokin ƙofar zaure ne kaɗai ya tare ruwan. Na nutsar da tiyon gaba ɗaya a tafkin har ya daina kumfa, na naɗe totuwar masara da leda na toshe bakinsa guda.

"Fatsuma, ki danne wannan bakin a ƙarƙashin ruwa. Ko me za ki ji, kada ya leƙo sama."

Na ja ɗaya bakin ta cikin zaure har lambatu, na zare totuwa. Ruwa ya yi gudu kamar na minti ɗaya, ya yi tari, ya tsaya. Na koma na tarar ta ɗaga tiyon tana leƙa cikinsa.

"Me kike nema a ciki?"

"Ina duba ko yana tafiya."

"Da yana tafiya. Yanzu ya tsaya gaishe ki."

"To ai sai ka yi bayani, ba ka ba mutum abu kamar wutsiyar jaki ka wuce ba."

Muka sake daga farko. Wannan karon na kifa turmi a kan tiyon, na ce ta zauna a kai. Na zare totuwa, ruwa ya fito da kaurin hannu, bai ƙara tsayawa ba. Na dawo na auna. Yatsa uku. Na jira kaɗan na sake aunawa. Bai kai yatsa uku ba. Tiyo yana kwasa, amma sama ta fi shi hannu. Lokaci kawai na saya, kuma ba mai yawa ba.

Hadi ya ce kada a tura ta ciki. Bai ce kada a jawo ta waje ba. Mu a rijiya, in guga ya faɗa, ba a bin sa da sanda, ƙugiya ake sakar masa. Na kwance wayar shanya, mai kauri ce, na lanƙwasa bakinta da filaya ta zama ƙugiya mai yatsa biyu. Na fita titi, na tattare riga, na durƙusa a bakin lambatu inda bututun ya leƙo. Ko ɗigo ba ya fita daga cikinsa. Na zura waya a hankali ina murzawa. Ta shiga kamu huɗu, ta taɓa wani abu mai laushi. Na murɗa, na ja.

Abin da ya biyo ƙugiya dunƙulen ganye ne, ya dahu ya yi baƙi. Na kai hanci. Darbejiya. Na sake zurawa, na fito da wani, wannan har da igiyar kaba da ake ɗaure damin ganyen wanka.

Na shiga gida da shi a hannu. Fatsuma tana kan turmi, ruwa yana zuba a kan mayafinta, ta yi zaman sarauniya.

"Wannan fa?"

Ta kalle shi, ta kau da kai. "Ganye ne."

"Na ga ba nama ba ne. Ta ina ya bi ya shiga, ga raga a bakin bututu?"

"Ragar tana akurki, na tare ƙofarsa da ita. Muzuru yana ɗauke mini 'yan tsaki."

"Shi kuma ganyen?"

"Malam, ganyen jego ba a zubar da shi a juji kowa ya tsallaka. Haka Innata ta koya mini a Dingaya. Da can rami nake tonawa a bayan ɗaki in binne. Yanzu ɗanka ya bi ko'ina da siminti, ina zan tona? Na ga rami a shirye, shi ne nake turawa da gindin tsintsiya."

"Dami nawa?"

"Safe da yamma, kwana shida. Kai ne mai lissafi."

Dami goma sha ɗaya. Na so in yi faɗa, sai na ga ba ta da laifin da ya wuce na wanda ya toshe mata ƙasa. Kuma yanzu na san abokin faɗana, na san yawansa. Na duba kara. Yatsa biyu.

Na koma lambatu. Wannan karon kwanciya na yi rubda ciki, ruwan titi yana bi ta gefen kunnena. Zura, murɗa, ja. Zura, murɗa, ja. Ina tara ganyen a gefe ina ƙirga igiyoyin kaba, don su ne shaidar kowane dami. A ta biyar waya ta miƙe, na sake lanƙwasa ta. A ta bakwai gwiwata ta fara magana, na ce mata ta bari sai gobe. Daga ciki na ji muryar Fatsuma.

"Malam, ya fara lasar saman buhu."

"Zauna a kan turminki."

A ta tara bututu ya fara hawaye, siririn ruwa baƙi. Na zura waya har ƙarshenta, na ji ta kama wani abu mai tauri a gwiwar. Na ja, ya ƙi. Na naɗe wayar a hannun shebur, na taka gefen lambatu da ƙafa biyu, na yi bismilla, na ja irin jan da muke yi wa dutse daga ƙasan rijiya.

Na ji bututun ya yi gyatsa. Ban sami damar kaucewa ba. Dami biyu na ƙarshe suka fito a haɗe, bayansu ruwan gida gaba ɗaya, ya buge ni a ƙirji ya zaunar da ni cikin lambatu. Hulata ta bi ruwa ta nufi kasuwa. Ina zaune a wurin, ganyen tsamiya a gemuna, ina dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Da na shiga, ruwan yana juyawa a bakin bututu yana shigewa da gudu. Na haye buhuna na shafa gindin soro da tafin hannu, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Feshin sama ya taɓa shi, amma tushen a bushe yake.

Fatsuma ta dube ni sama da ƙasa. "Ka ga yadda ka koma kuwa? Kai ma sai an dafa maka ruwan."

"A dafa. Amma ban da ganye."

Hadi ya iso bayan la'asar a kan babur, ruwa ya riga ya ɗauke. Ya ga tiyo, ya ga buhuna, ya ga tulin ganye. Ya haska fitilar waya cikin bututu, ya daɗe yana kallo.

"Tafasasshen ruwa ya lanƙwasa gwiwar, shi ya sa take kama komai. Sai na canja ta. Amma Baba, da ta ciki kuka tura, yau sai mun fasa simintin nan har katanga. Wa ya koya maka jawowa ta waje?"

"Guga," na ce.

Na sa shi ya yi abu biyu bayan gwiwar. Ya buɗe tsohuwar rariya, gida ya koma ƙofa biyu. Sannan ya fasa siminti faɗin tabarmar sallah a bayan soro, ƙasa ta fito. Fatsuma ta kwashe ganyenta daga bakin titi tun kafin mutane su fara wucewa, ta binne a wurin. Ragar ma ta dawo da ita, bayan na yi alkawarin saka wa akurki ƙofa.

Washegari aka raɗa wa yaro suna Isma'il, sunan mahaifina. Wanzami ya yi masa aski a bakin soro, Munawwara tana zaune daga ciki a kan gadon da uwarta ta yi jego. Musaddiq ya iso daga Dutse da sassafe. Na gan shi ya zagaya ɗakin, ya tsuguna ya ƙwanƙwasa gindin bango da ɗan yatsa, ya matsa gaba ya sake ƙwanƙwasawa. Ya zo ya zauna kusa da ni a kan tabarma.

"Baba, in rani ya yi zan turo magina su yi masa dakali a gindi, zagaye, don kada ruwa ya ƙara matsowa."

"Bulo ɗari huɗun fa?"

"Sittin sun isa dakali."

Na miƙa masa goro.