Cokalin Man Shanun Malam

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a tabarma, sai na yi wani mafarki. Amma bari in fara faɗin abin da ya jawo shi.

Shekara bakwai kafin rasuwar maigidana, Malam Isiyaku tela, likita ya ce hawan jini gare shi, a raba shi da man shanu da kitse. Na raba shi. Mutumin da ba ya cin tuwo sai ya ga mai na yawo a kan miyar kuka, na koma yi masa girki da farin man galan. Ya roƙa, ya yi fushi, ban ba shi ko ɗigo ba. A watan Rajab ya faɗi a kan kekensa na ɗinki, bai tashi ba.

To shekaranjiya 'yata Sa'ade ta kira ni daga Kaduna. Wai yanzu abincin mutanen farko take ci, na kafin a fara noma: ba hatsi, ba wake, ba sukari, sai nama da ƙwai da ganye. Wai a wurinsu man shanu da kakide da manja su ne mai na ƙwarai, man galan ne abin gudu. Yarinyar ba ta san inda ta taɓa ba. Tun da ta kashe waya nake tambayar kaina: a banza na hana shi, ko kuwa abin da na ba shi ne ya kashe shi?

A mafarkin ina tsaye a wani gari da babu gona ko ɗaya, riƙe da cokali cike da ɗanyen man shanu. Ba wanda ya gaya mini, amma na san na Malam ne, kuma dole in kai masa kafin ya ƙare.

Ana ruwa. Daga ƙasa yake tsattsafowa ya tafi sama, kan kowa a bushe, gwiwa a jiƙe. Wata tsohuwa mai ɗaure da fatar barewa tana daka a turmin da babu komai a ciki.

Na ce, "Sannu da aiki, Iya. Me ake dakawa?"

"Ba a ƙirƙiro gero ba tukuna. Hannu nake motsawa kafin ya zo."

"Ina zan sami wani tela da ya zo a watan Rajab?"

"Sai kin bi ta ofishin mai, 'yar nan."

Sai ga ni a ofishin. Wani bunsuru mai tabarau ne a kan tebur, akuyoyi biyu na hura wuta a ƙarƙashin wani ƙaton kasko. Kwalaben mai sun yi layi, kowace da 'yan ƙafafunta. Duk wanda aka kira sai ya hau kaskon ya zauna. Wanda ya yi hayaƙi a kore shi.

Kakide ya hau, ya miƙe ƙafa, har ya fara gyangyaɗi. Bunsuru ya buga masa hatimi. Manja ya wuce, ya ɓata wa bunsurun gemu da ja. Man kaɗe ma ya wuce, kowa na toshe hanci.

Man zaitun ya tsaya daga nesa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na son wuta mai yawa. A zuba ni a kan dafaffen zogale in huta."

Bunsuru ya ce, "Ya san kansa. Wuce."

Aka kira man gyaɗa. Bunsuru ya ce, "Kai ɗan wa ne?"

"Ɗan gyaɗa."

"Gyaɗa 'yar'uwar wake ce. Waje!"

"Haba yallaɓai! Ni fa tun ina yaro nake soya ƙosai."

"Kun ji ko? Da bakinsa ya faɗa."

Na ji tausayinsa, don mun daɗe tare. Ina cikin haka wani farin galan ya taɓa ni daga baya.

"A'a, Yalwa! Ina wuni? Shekara bakwai muna ciyar da Malam, ni da ke."

Na ja mayafi na rufe fuska. Da bunsuru ya tambaye shi sunan uwarsa, sai ya ce shi dai a cikin inji ya farka. Ba su kore shi ba, ba su kuma bar shi ya wuce ba. Suka ba shi kujera, suka ce har yanzu likitoci na gardama a kansa a ɗakin baya. Ina jin hayaniyarsu.

Bunsuru ya leƙa cokalina. "Ɗanye ba ya wucewa, baiwar Allah. Soya shi."

Na soya shi yadda uwata ta koya mini, wuta kaɗan, da yankan albasa, har kumfa ta kwanta, ƙamshi ya tashi. Akuyoyin suka bar hura wuta suna shaƙa. Bunsuru ya rubuta mini takardar wucewa, ya duba ta da kyau, ya cinye.

Da na fito sai man ya fara bin ruwa yana ɗiga sama. Na kife cokalin, ya tsaya a ciki, amma duk taku sai ɗigo ya sulale ta gefe ya tafi. Na yi ta sauri ina kuka, hawayen ma sama suke tafiya.

Sai ga Malam a bakin wani kogo, a kan kekensa, yana ɗinka wa wani kada rigar fata. Kadan na zaune yana jira, yana ta duba agogo. Malam ya yi ƙiba kaɗan. A gefensa akwai kwanon miyar kuka.

"Yalwa, ke ce da ranar nan? Zauna. Ba tuwo a garin nan, miya ake ci da miya."

Ɗigo uku ya rage. Na kife kwanon a kan cokalin, suka hau cikin miyar. Ya sa yatsa ya lasa, ya lumshe ido.

Na ce, "Malam, ka gaya mini gaskiya. Ni ce? Hanawar da na yi ne, ko man galan ɗin?"

Ya sake lasa. "Ya yi daɗi. Amma na Ladidi ya fi albasa."

"Wace Ladidi?"

"Ƙanwata mana. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, gidanta nake bi. Cokali biyu. Ranar da ta ji daɗi, uku."

"Shekara bakwai ɗin?"

"Sau ɗaya na rasa, ranar da ta tafi suna Funtuwa." Ya gyara zare. "Na ci naki, na ci nata. Suka yi ta faɗa a cikina, ba wanda ya kayar da wani, har wa'adi ya zo ya raba su. Ki sauke wannan kayan, Yalwa, ba naki ba ne."

Wani abu mai nauyi ya tashi daga ƙirjina ya bi ruwa sama. A wurinsa fushi ya zauna.

"Au! Ni ina nan ina auna maka mai da murfin kwalba, ina kuka a madafa in ka tura kwano, ashe kai da ƙanwarka kuna can kuna walima? Shi ya sa duk Juma'a kake dawowa ka ƙi abincina, kana cewa azumin nafila ya fi kyau da rabin yini?"

Kadan ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, gobe nake da biki."

"Kai kuma rufe mini baki!"

Malam ya yi dariyar nan tasa da kafaɗa ke rawa, ba sauti. Ya taka keke, keken ya fara tari, ƙoƙ, ƙoƙ, ƙoƙ.

Na farka da faɗan a bakina. Famfon tsakar gida ne ke tari, ruwa ya dawo bayan kwana huɗu. Na tashi na jawo bokiti na tara. Yana cika ina cewa, "Cokali uku, Malam. Ko kunya babu."