Faifai Mai Haƙora Ashirin

A gidan wasan kwaikwayon da take aiki ba mai kiranta da ainihin sunanta. Mai Alfijir ake ce mata, don ita ce mai kula da fitilu, kuma ba a taɓa samun wanda ya iya fito da alfijir a kan dandamali kamarta ba. Sai ka ga duhu yana sakin jiki sannu a hankali, ja ya ɓullo ta bayan labule, ya washe, ya yi fari, har 'yan kallo su manta a ɗaki suke zaune. Shekara goma sha tara tana wannan aiki da na'ura guda, wani akwatin ƙarfe mai hannaye goma sha biyu, kowane hannu da fitilarsa, wanda kowa ke kira Tsohuwa. Asirin alfijirin kuwa wani faifan ƙarfe ne mai haƙora ashirin da huɗu, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ita ta ƙirƙiro shi ta dasa a cikin Tsohuwa. In ta murɗa shi sai ya riƙa ɗaga hannaye shida ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa ba tsalle.

To, faifan nan ne ya tsage gida biyu. Maƙerin da ya yanka mata shi ya rasu tuntuni. Ta kai wa mai walda, ya yi mata guda biyu, duka suka cije tun alfijir bai kai ga ja ba.

Darakta, wanda ta girme shi nesa ba kusa ba, ya same ta a ɗakin fitilu ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Anti, saura mako biyu mu buɗe sabon wasa, kuma da alfijir yake farawa. In Tsohuwa ba ta tashi ba, dole in kawo na'ura mai kwamfuta da mai sarrafa ta. Ke sai ki koma wajen labule."

"Labule," ta ce. Maganar ta ƙona mata rai.

Shi ne ya miƙa mata takardar gayyata. Taro ne na kwana uku da ake yi duk shekara, na masu fitilu da masu sauti da masu ɗinkin kayan wasa da masu gina dandamali. Shi fatansa ta je ta ga sababbin na'urori ta yi sha'awa. Ita kuwa abu ɗaya ta gani a takardar: akwai ɗakin gyara, da injin da ke yanka ƙarfe daidai da zane.

Kafin ta tafi ta leƙa ɗakin ɗinki wajen yayanta, telan gidan wasan. Shi ya taɓa zuwa irin wannan taro sau ɗaya, ya nuna wa wani zanen riga mai fukafukai, bayan wata shida ya ga rigar a hoton wasan wasu. Tun daga nan ko hanyar kasuwa aka tambaye shi sai ya yi tunani kafin ya nuna.

Ya zare allurai daga bakinsa ya ce, "Ki je da kunne, ki bar baki a gida. Duk wanda ya yi miki fara'a, wani abu yake nema. Mai tambaya ya fi mai fara'a haɗari. Wanda ya ce a kyauta zai yi miki, wannan ki riƙe jakarki da hannu biyu."

"Yaya, ai ni ba yarinya ba ce."

"Ni ma ba yaro ba ne lokacin da aka yi mini."

Ta naɗe tsagaggen faifan a cikin tsohon ɗankwali, ta tura shi can ƙasan jaka, ta kama hanya.

Zauren taron ya ninka gidan wasansu sau biyar. A bakin ƙofa aka rataya mata kati a wuya mai ɗauke da sunanta da wurin aikinta. Tana wuce teburin ta juya shi, rubutun ya koma ciki. Ciki kuwa rumfuna ne jere, fitilu na juyawa da kansu kamar masu neman wanda ya ɓace, hayaƙin ƙarya na bin ƙafafun mutane. Kowa fara'a, kowa tambaya, wato dai duka haɗarin da Yaya ya lissafa sun taru a ɗaki ɗaya.

"Malama, wace na'ura kike aiki da ita?"

"Irin ta kowa."

"Daga wane gidan wasa?"

"Ƙarami ne, ba za ka san shi ba."

Duk wanda ya miƙa mata katinsa sai ta karɓa da ladabi, in ta sha kwana ta jefa a kwandon shara. Ko shayi da aka raba a tsaye ta sha, jaka maƙale a hammata.

Bakin da ta bari a gida ya biyo ta ne a zaman la'asar. Wata mai jawabi tana nuna yadda kwamfuta ke fito da alfijir a ɗan ƙaramin dandamali, jama'a na tafi. Mai Alfijir tana kujerar ƙarshe, ba ta ankara ba sai ta ce a hankali, "Ya yi sauri. Ja bai gama ba sun kawo fari." Hannunta na dama kuwa yana ta murɗa iska a kan jaka.

"Hannun nan ya san tsohon akwati," wani ya ce a gefenta.

Ta waiwaya. Wani dattijo ne dogo, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya, faratansa baƙi ƙirin da man inji. Idonsa na kan hannunta.

"Mai hannaye goma sha biyu ne, ko mai takwas? Na yi shekaru ina gyara su. Na ɗauka duk sun ƙare. Amma ba a murɗa su, ja ake yi. Me kike murɗawa?"

Ga fara'a, ga tambaya. Ta ce masa ciwon wuyan hannu ne ke damunta. Ya yi murmushi ya ba ta katinsa, katin ya bi 'yan'uwansa kwandon shara.

Washegari da safe ta nemi ɗakin gyara. Injin yana tsakiyar ɗaki cikin gilashi, yana cin ƙarfe yana tofar da ɓarɓashi. Tana kallon yadda ya fitar da wani ƙaramin faifai mai haƙora sumul, ta ji kamar ta rungume shi. Sai ta karanta ƙa'idar da aka rubuta a allo. Kowa ya kawo abin da ya karye masa, a auna, a yanka masa sabo kyauta. Sharaɗi ɗaya ne: za a manna zanen a bango, duk mai so ya ɗauki hoto. Bangon kuwa ya cika da takardu, mutane na tsaye gabansa da wayoyi a ɗage.

Kyauta. Ta ƙara matse jakarta. Shekara goma sha tara za ta manna a bango, kowane mai waya ya kwasa ya tafi da su garinsu? Ta yanke shawara a ranta: za ta gano kamfanin da ke da irin injin nan, ta je ita kaɗai a yanka mata a rufe.

Tana juyawa ta yi kiciɓis da Mai Tabarau. Ashe shi ne mai kula da injin.

"Sannu, mai ciwon wuyan hannu. Me ya karye?"

Ta so ta ce babu, amma ya riga ya ga inda idonta ya daɗe.

"Wani ɗan faifai ne. Ba wani abu ba."

"Kin zo da shi?"

Faifan yana nan yana tokarin haƙarƙarinta ta cikin jaka. Ta ce, "Na manta shi a gida."

"Kash. Ko da yake layi ma ya cika har gobe, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma zana mini shi in gani mana. Tun jiya abin ke cin raina."

Nan ta sha jinin jikinta. Layi ya cika, ba zai yanka ba, amma yana son zane. Ai magana ta fito fili. Ta duba ƙofa, mutane sun tare. Ta ga in ba ta ba shi wani abu ba, haka zai yi ta bin ta har a tashi taro. Sai ta karɓi takarda da fensir ta zana faifan tsaf, da ramin tsakiya da komai. Wajen rubuta awo ne ta rage faɗin, ta kuma rubuta haƙora ashirin.

Ya ɗaga takardar kusa da tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Shi ke ɗaga hannayen bi da bi? Wa ya koya miki wannan?"

"Ba kowa."

"Lallai akwai kai a nan. Amma ashirin? Ni da na ɗauka za su ɗan fi haka."

"Nawa ashirin ne."

"Ke kika san kayanki," ya ce, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Ta fita tana jin daɗin kanta. Ya je ya gina, ya ga alfijirin da zai fito masa. Har ta ƙagu ta koma ta ba Yaya labari.

Sauran yinin ta yi shi ne tana bin rumfuna tana tambayar inda ake samun injin. Wani ya ce sai an aika zane ta kwamfuta, a jira wata biyu. Wani ya ce ba sa yanka guda ɗaya, sai ɗari. Wani ya tambaye ta mene ne aikin faifan, ta yi masa sallama. Sau biyu tana hango Mai Tabarau daga nesa, sau biyu tana canza hanya.

Rana ta uku aka yi jawabin rufewa da azahar. Ma'aikata suka fara kwance rumfuna suna naɗe wayoyi. Ta leƙa ɗakin gyara ta ga an sa injin a akwatin katako ana buga ƙusa. A lokacin ne tsoro ya kama ta sosai, don kwana uku sun wuce kuma hannunta babu komai sai abin da ta zo da shi.

Tana tsaye a harabar zauren ta ji ana cewa, "Malama! Mai tsohon akwati!"

Shi ne, yana sauri da jakar tafiya a kafaɗa, yana haki.

"Na neme ki har na gaji. Na tambaya a teburin rajista, suka ce wane suna, na ce ban sani ba, katinta kullum a juye yake." Ya zaro wani abu naɗe a takarda ya ɗora mata a tafin hannu. Yana da nauyi, da sauran ɗumi. "Ragowar tagullar da na zo da ita ce. Lokacin da 'yan layi suka tafi cin abinci na sa shi a injin. Da kyar na roƙi masu kwashe kaya suka jira ni."

Ta warware. Faifai ne yana ƙyalli, kowane haƙori an goge shi sumul. Ba ta taɓa riƙe aiki mai kyau irin wannan ba. Takardar da aka naɗe shi da ita kuwa zanenta ne, da rubutun hannunta.

"Ban manna a bango ba," ya ce. "Na lura ba ki son a gani, kuma kina da gaskiya, aikinki ne. Na goge shi daga kwamfutar ma. Duba, ya yi daidai?"

Tsagaggen faifan yana ƙasan jaka, tazarar hannu ɗaya. Da ta so, tana iya ciro shi ta ce, Malam, ƙarya na yi maka. Bakinta ya buɗe. Ta kalli baƙaƙen faratansa, ta kalli akwatin katakon da ake turowa ta ƙofa, kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Ya yi daidai," ta ce. "Na gode, Malam."

"Madalla. Kina da katina, ki aiko mini da hoton alfijirin in ya fito." Mota ta yi masa oda, ya ɗaga hannu ya tafi.

Ta koma ciki da sassarfa wajen kwandon sharar da ke bakin ɗakin jawabi, inda ta jefa katinsa. An juye shi, an sa sabuwar leda.

Da safiyar da ta koma aiki ta wuce ɗakin fitilu kai tsaye. Ta san abin da zai faru, amma ta kwance murfin Tsohuwa ta zura sabon faifan. Ya shiga ramin tsakiya kamar a nan aka haife shi. Haƙoransa ne ba su kai ga na hannayen ba, saura ɗan abin da ta rage da fensir.

Yaya ya shigo da tef ɗin awo a wuya, ya leƙa ta kafaɗarta.

"Me suka sace miki?"

"Ba su saci komai ba."

"Wannan fa?"

"Wani ne ya yi mini. Kyauta."

Ya sa yatsa ya juya faifan, ya ga yana yawo shi kaɗai, ya girgiza kai.

"Ba na faɗa miki ba? Ya karɓe na gaskiya ya ba ki na banza."

"Abin da na zana shi ya yanka, Yaya. Ko haƙori ɗaya bai ci ba."

Daga ƙasa Darakta ya ɗaga murya yana tambaya ko a kashe fitilun zaure a gwada. Nan take aka kashe. Ta kama mariƙin faifan ta murɗa a hankali yadda ta saba, faifan yana juyawa ba ko ƙara, 'yan wasa na tsaye a dandamali cikin duhu suna jira.